Sa hannu a takardar bangaskiya ba sayar da baki ba ne

Duk sanda aka tayar da zancen ɗaukar malamai a jami'o'in Kirista, Larycia Hawkins ce ke faɗo mini a rai. Malamar kimiyyar siyasa ce a Kwalejin Wheaton da ke jihar Illinois a Amurka, inda shahararren mai wa'azin bishara Billy Graham ya yi karatu, kuma ita ce baƙar mace ta farko da aka tabbatar wa kujerar koyarwa ta dindindin a can. A Disamban 2015, lokacin da ƙyamar Musulmi ta yi tsanani a ƙasar, ta sa hijabi ana shirin Kirsimeti, ta rubuta a Facebook cewa Musulmi da Kirista Allah ɗaya suke bauta wa. Ba a yi mako ba aka dakatar da ita. Zuwa Fabrairun 2016 sun raba gari.

Jama'a, ni ban ga laifin makarantar Kirista ta shimfiɗa sharuɗɗanta ba. A Wheaton kowane malami yana sa hannu a takardar bangaskiya duk shekara, ya kuma san da haka tun kafin ya karɓi aikin. Nan gida ma, ECWA da ta kafa Jami'ar Bingham a Karu, ko Baptis da suka kafa Bowen a Iwo, ba wanda zai ce su rufe Littafi Mai Tsarki a bakin ƙofa.

Abin da ke ci mini rai shi ne matar nan ba ta yi musun takardar ba. Da aka tuhume ta, ta rubuta bayani ta sake jaddada bangaskiyarta. Makarantar da kanta ta ce hijabin ba shi ne matsalar ba, kalamanta ne. To kalaman nan, manyan masana tauhidin Kirista sun daɗe suna ja-in-ja a kansu, har yau ba a kai ƙarshe ba. Mu da muka tashi muna karanta "Allah" a Littafi Mai Tsarki na Hausa, muna jin maƙwabci yana kiran sunan nan da asuba, mun san zancen yana da zurfi. Sunan ɗaya bai warware shi ba, na yarda. Amma ta yaya za a taɓa abincin mutum a kan abin da malamai ba su daddale ba, takardar kuma ba ta faɗa ƙarara ba?

Daga baya shugaban sashen karatu na makarantar ya nemi gafararta, ya janye buƙatar a kore ta. Sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe, ta koma Jami'ar Virginia.

Don haka ƙannena masu neman koyarwa a irin waɗannan makarantu, kafin ku tambayi albashi ku tambaya: idan aka ce na karya sharaɗi, wa zai fassara takardar, kuma 'yan'uwana malamai za su saurare ni kafin a dakatar da ni ko sai bayan an dakatar?