Hutu a ƙauyen bakin teku: ku bi agogon ruwa

Galibin masu dawowa suna cewa ƙauyen bakin teku babu abin yi, lokaci suka saɓa. Sun fito da hantsi bayan masunta sun watse, sun je wajen duwatsu sun tarar ruwa ya rufe, sun hau kwale-kwale da la'asar iska na kaɗawa. A ganina, kafin ma ku kwance jaka, ku nemi jadawalin cikowa da janyewar ruwa na wannan gaɓar. Akwai shi a waya, kuma duk wani masunci ya san shi da ka.

A yawancin gaɓoɓi teku na cikowa sau 2 ya janye sau 2 a dare da yini. Tsakanin cikowa da cikowa awa 12 ne da minti 25, shi ya sa kullum lokacin ke jinkirta da kusan minti 50. In yau ruwa ya gama janyewa ƙarfe 9 na safe, gobe sai wajen 10 saura. Lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika, janyewar ta fi nisa, cikowar ma ta fi yawa. Wanda ya dace da waɗannan ranaku ya samu garaɓasa, amma shi ne kuma ya fi buƙatar lura.

Abin da na fi ba wa daraja shi ne yawo cikin duwatsu in ruwa ya janye. Ku fita awa 1 kafin ya gama janyewa, ku bi shi yana ja da baya. A ramukan da ya bari za ku ga kaguwa ta maƙale ƙarƙashin dutse, ƙananan kifaye masu launin yashi, da dodon koɗi iri-iri. Ku tsuguna shiru minti 2 ko 3, kada inuwarku ta faɗa kan ruwan, sai ku ga abin da kuka ɗauka tsakuwa ne ya miƙe yana tafiya. Dutsen da kuka ɗaga ku mayar da shi yadda yake, don abin da ke manne a ƙasansa rana na kashe shi. Ku sa takalmi mai kama ƙafa, ban da silifas: gansakuka na da santsi, kuma akwai wata halitta mai ƙayoyi kamar bushiya wadda ƙayarta ke karyewa cikin tafin ƙafa.

Inda ake shiga uku shi ne dawowa. Ruwan ba ya cikowa da sauri ɗaya. A awar farko kamar ba ya motsi, sai mutum ya saki jiki, alhali kusan rabin cikowar gaba ɗaya a awa ta 3 da ta 4 take zuwa. Kuma ta kwari yake fara bi, ya zagayo ta bayanku ya datse hanya kuna can kuna ɗaukar hoto. Da zarar ya juyo, ku ma ku juya.

Ninƙaya kuwa, ƙaramin ƙauye sau da yawa ba shi da masu ceto. Inda akwai su, tsakanin tutoci masu ja da rawaya ake shiga, jar tuta kuma na nufin kada a shiga. Inda babu, ku tambayi masunta. Ku kiyayi wurin da ya fi kwanciya tsakanin raƙuman ruwa, wanda ruwansa ya fi duhu kuma kumfa ke tafiya can cikin teku. Nan ne ruwan da ya taru a baki ke komawa teku da ƙarfi, kuma gudunsa kan fi na gwanin iyo. Wanda ruwan ya ja, kada ya yi kokawa da shi, gajiya ce ke nutsar da mutum. Ya kwanta rigingine ya ɗaga hannu, ko ya yi iyo a gicciye, daidai da gaɓa, har ya fita daga layin. Ranar da iska ke busowa daga tudu zuwa teku, kada a ba yaro balan-balan ɗin iyo, nan da nan zai yi nisa.

Kwale-kwale da safe ake hawa, domin in ƙasa ta ɗau zafi iska kan taso daga teku ta hargitsa ruwan. Kowa da rigar da ke hana nutsewa, a ɗaure, kafin a tashi. Mai tashin zuciya ya sha magani minti 30 zuwa awa 1 kafin hawa, ya zauna tsakiya, ya kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa, ya ajiye waya.

Ku tambayi lokacin da masunta ke dawowa ku je ku tsaya gefe, ba kan igiya ko raga ba, kuma a nemi izini kafin hoto. In za ku sayi kifi, ido ya zama garau, cikin murfin gefen kansa ja, tsoka kuma in an danna ta dawo. Halittun ruwa masu ɓawo da kuka tsinta da kanku a duwatsu, ku bar su in mutanen wurin ba su ce ana ci ba, wani dafin dahuwa ba ta kashe shi.

Tsakar rana, daga 11 zuwa 3, a nemi inuwa. Iskar teku na ruɗi, jiki ba ya jin zafi fata na ƙonewa. Man kariya daga rana a sake shafawa duk awa 2 da kuma bayan an fito daga ruwa.

Da dare, in babu farin wata, ku yi nesa da fitilu ku kashe waya. Ido na ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, daga nan taurari ke fitowa birjik. Ku duba jadawalin kafin ku shimfiɗa tabarma, ku zauna sama da layin ciyawa da tarkacen da ruwa ya tara, don nan ne iyakar inda ya kai a cikowar da ta wuce.