Gwajin jijiyar ƙugu ba gwajin mazakuta ba ne

Mutum ya je asibiti fitsari na zubo masa ba da saninsa ba, ko ya ƙi fita sai an sa roba. Likita ya sa safar hannu, yatsa ɗaya a dubura, ya ɗan matsa kan kaciyarsa. Sai ka ji mara lafiyar ya fito yana gunaguni, wai an ɗauka ya gaza a ɗaki ne.

Jijiya ake aunawa. Saƙon da ke sarrafa mafitsara yana fitowa ne daga can ƙasan lakar baya, gaɓoɓin da likitoci ke kira S2 zuwa S4. Matsawar nan tana aika saƙo can, ya dawo ya sa dubura ta tsuke. In ta tsuke, hanyar a buɗe take. In shiru, ana zargin rauni, kamar na ciwon suga da ya daɗe ko faifan ƙashin baya da ya danne jijiyoyi. Da na'ura kuma ana auna lokacin: mai lafiya amsarsa kan iso cikin kusan kashi 30 zuwa 40 cikin dubu na daƙiƙa ɗaya.

Mata ma ana yi musu, kuma akwai lafiyayyun da ba a jin tsukewar da yatsa.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne sakamako mai kyau. Rauni a sama da waɗancan gaɓoɓi yakan bar tsukewar lafiya lau, alhali mafitsara ta rikice. Shi ya sa ake haɗawa da awon matsin mafitsara yayin cika ta da ruwa.