Iyayen Ayilan ba ilimi suka ƙi ba, makarantar gwamnati suka ƙi

Duk sanda aka ce wai talakawa sun ƙi kai yara makaranta don jahilci, ni sai in tuna mutanen Ayilan, tsibirin da ke yamma da Ingila, waɗanda yawancinsu 'yan Katolika ne. A 1695 masu mulki ƙarƙashin Ingila suka kafa doka cewa ɗan Katolika ba zai koyar ba, ba kuma zai tura ɗansa karatu waje ba, a 1709 ma har ladan fam 10 aka sa ga wanda ya tona asirin malami. Makarantun da gwamnati ta yarda da su kuwa na Furotesta ne, yaro ya shiga a juya masa addini. To wane uba ne zai yarda?

Sai suka yi nasu. Malami ya tara yara a bayan shinge ko cikin rumfar dabbobi ko wata bukka, wani lokaci a sa yaro ɗaya gadi ko wani na tahowa. Kuɗin makaranta 'yan sulalla ne, wanda ba shi da su ya kawo dankali ko man shanu, kuma kowane yaro da safe yana riƙe da guntun busasshiyar ƙasar fadama da suke hura wuta da ita saboda sanyi. Ana karatu da rubutu da lissafi, a yankin Kerry har Latin ake yi, kuma Daniel O'Connell, wanda ya yi fafutukar 'yancin Katolika, a irin wannan wurin ya fara. Wani bincike da aka yi a 1824 ya samu irin waɗannan makarantu wajen 9,000, dalibai kusan 400,000, alhali an sassauta dokar tun 1782, wato ko da tsoro ya ragu mutane ba su bar su ba.

Amma fa kar a yi musu kwalliya da yawa. Wasu malaman ba su iya komai ba, ga bulala. Kuma iyayen da kansu suka matsa a koya wa yara Turanci, harshen wanda ya danne su, don shi ne na kasuwa da kotu da tafiya Amurka, haka harshensu ya dinga ja baya.

Mu nan kakanninmu ma sun guji makarantar mishan saboda addini, sun riƙe allo. A Ayilan sai 1831 gwamnati ta kawo makarantun ƙasa da suka raba darasin addini da sauran karatu, daga nan ne na bayan shinge suka fara watsewa.