Hanyar da mai gona bai isa ya toshe ba

'Yan uwana na Nima da Mamobi da Sabon Zango, da duk wanda ya taso a Ankara tamu ta Gana, akwai abin da na gani a nan kudancin Ingila da ya tsaya mini a rai, kuma sai na faɗa zan samu sauƙi.

Kusa da Brighton nake zaune, a bakin teku. A bayan garin akwai jerin tuddai da suke kira South Downs. Ba su da tsini, ba su da tsayin a zo a gani, wannan na bin wancan har iya ganinka, tumaki sun cinye ciyawar ta zama gajera ƙwarai. Ƙasar da ke ƙarƙashi alli ce fara fat, cikinta kuma cike da dutsen ƙyastu mai kaifi da ke yanka taya. In an yi ruwa allin yakan yi santsi, mai keke sai ya yi hattara a gangara. A kan doron tuddan akwai hanya mai tsawon mil 100, wajen kilomita 160, daga Winchester har Eastbourne, inda tudun ya yanke a tsaye ya fuskanci teku. In kana sama, ta kudu ga teku da fankokin samar da lantarki a tsakiyar ruwa, ta arewa kuma gonaki da ƙauyuka da hasumiyoyin coci a shimfiɗe can ƙasa.

Mutanen nan suna da kekunan da aka ƙera musamman don burji da tsakuwa: ƙaho lanƙwasasshe irin na keken tsere, taya mai kauri da ƙuraje, wasu ma babu tub a ciki, sai wani ruwan gam da ke toshe fanca da kansa. Ranar Asabar za ka ga tsofaffi masu furfura suna gudun kwalta suna neman hanyar ƙasa.

Wata abokiyar aikina ce ta ja ni cikinsu, dattijuwa da ta haura sittin. Mun tashi daga Shoreham, muka bi tsohon layin dogo da ke gefen kogin Adur, wanda aka rufe a 1966 daga baya aka mai da shi hanyar masu tafiya a ƙasa da keke da doki. Muka hau tudu, muka ratse ta wata ƙaramar hanya da ta tsaga tsakiyar gonar wani, sai ga ƙyaure an ɗaure shi da sarƙa da kwaɗo. Ni dai nan take na juya kan kekena. Duk ɗan Ankara ya san abin da sarƙa a bakin fili take nufi, ya kuma san wa zai iya fitowa daga bayanta. Ita kuwa ta nuna mini wata shuɗiyar kibiya a jikin ginshiƙin, ta ɗauki hoton kwaɗon, ta aika wa hukumar yankin ta waya, sannan muka ɗaga kekunanmu muka tsallake. Na ce, "Mama, ba gonar mutum ba ce?" Ta ce gonar tasa ce, babu musu, amma hanyar ta kowa ce. Da muka sake bi daga baya, sarƙar ba ta nan.

Shuɗiyar kibiya tana nufin hanyar doki, wadda dokar 1968 ta ba masu keke izinin bi. Rawaya ta masu tafiya a ƙasa ce kaɗai. Kowace hukumar yanki tana riƙe da taswirar da aka zana waɗannan hanyoyi, kuma toshe su laifi ne a ƙarƙashin dokar hanyoyi ta 1980. Manomi yana iya huɗe hanyar da ta ratsa gonarsa, amma dole ya daidaita ta cikin kwana 14, kuma in ta doki ce ya bar faɗin mita 2. Har awon an rubuta. Wannan ne ya fi taɓa ni, cewa wani ya zauna ya yi tunanin faɗin da talaka zai wuce ta gonar attajiri.

Kada wani ya ce ai su Turawa ne, haka Allah ya yi su. Ba kyauta aka ba su ba. A 1932 ma'aikata daga yankin Manchester suka hau tudun Kinder Scout da gangan, suka yi arangama da masu gadin manyan masu filaye, aka ɗaure biyar daga cikinsu. Sai a 1949 aka yi dokar da ta kafa wuraren shaƙatawa na ƙasa, ta kuma sa a zana hanyoyin jama'a a taswira. Har gobe mafi yawan ƙasar Ingila a rufe take ga wanda ba mai ita ba, kuma ban manta da cewa wani sashe na dukiyar da ta gyara ƙasar nan daga zinarinmu da kokonmu ya fito ba. Akwai sanyi, akwai iskar da ke ture mutum daga kan keke, keken kirki ya haura fam dubu, kuma za ka yini a can sama ba ka haɗu da baƙar fata ko ɗaya ba. Duk na sani. Amma hanyar tana nan.

Mu fa? Ba sai na kwatanta muku Prampram da Ningo da Ada ba, ko Kokrobite, ko hawan Aburi, ko filin da ke kewaye da tuddan Shai. Ƙasar da ta fi tasu daɗin hawa, babu hunturu, ga kwakwa a bakin hanya. Kuma keke namu ne. A Ankara in an ce keke, yaran zango ake tunawa. Wa ya kai yaran Nima ɗaga taya ranar Sallah? Iyayenmu da shi suka yi talla da aike, a Tamale kuwa har yau mata da tsofaffi suna hawa abinsu. Amma yau ka ɗauki yaro ka ce za ku fita daga Nima zuwa bakin teku a kan keke, tsakanin motocin haya na trotro da okada da buɗaɗɗun kwatoci, uwarsa ba za ta yarda ba, kuma tana da gaskiya. In kun tsira kun kai bayan gari, hanyar da aka bi bara an ja mata katanga bana. Bakin tekun ma wani wurin sai ka biya kuɗin ƙofa. Dausayin Sakumono, da aka sa a jerin wuraren da duniya ta amince a kare, gine-gine suna ta cin sa. A 2022 har dajin Achimota sai da aka yi ta cece-ku-ce kan yanke wani sashensa.

Dokoki muna da su. Ta 2019 ta haramta 'yan daban gadin fili, dokar filaye ta 2020 ta sake nanatawa. Ku da kuke gida ku ne za ku faɗa mini ko sun ɓace daga Kasoa.

Ina jin zafi idan wani a nan ya ce mutanenmu ba su damu da muhalli ba. Ban yarda ba. Mai jan katanga ba mugu ba ne, tsoro ne ya sa shi. Inda ake sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu ko uku, shari'a ta yi shekaru ba ta ƙare ba, bulo shi ne shaidarka. Mu 'yan zango ma abin ya fi mana ciwo, don kullum akwai mai tuna mana cewa baƙi ne mu, ko da kakanninmu a nan aka binne su. Wanda aka daɗe ana ce masa ƙasar ba tasa ba ce, in ya samu taku goma zai kewaye goma ɗin duka. Amma kuma mu ne muka taso cikin lungu. Daga gidanmu zuwa masallaci ta tsakar gidajen mutane muke bi, muna gaisuwa, babu mai tambayar takarda. Abin da Baturiyar nan ta kare da taswira da doka, mu muna da shi ta zumunci, kuma a sababbin unguwanninmu muna binne shi da kuɗin da mu na waje muke aikowa.

Shi ya sa nake roƙon sarakunan zango da limamai, idan ana yanka filaye a sababbin unguwanni, su tsaya a ware hanya da filin yara tun kafin a zuba bulo, a kuma rubuta. Ana ware na masallaci babu gardama. Annabi (SAW) ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, balle barin hanyar kanta.

Ɗana a nan aka haife shi, a kan tuddan nan ya koyi canza giya. Kullum ina gaya masa wata rana za mu koma gida, yana tambayata ko zai tafi da kekensa. Muna da fuloti a bayan Amasaman da yayana yake kula da shi, akwai kuma wata 'yar hanya a gefensa da mata suke bi zuwa famfo. Makon jiya na kira shi na ce, "Yaya, in za a ja katangar nan, a janye ta ƙafa huɗu a bar musu hanyar." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai kana can ba ka sani ba. In muka bar ƙafa huɗu, maƙwabci zai haɗa da nasa kafin wata ya mutu." Na ce to a je wurin mai unguwa a rubuta, mu da maƙwabcin mu sa hannu, kowa ya ba da ƙafa biyu. Ya ce zai yi magana da mai unguwar, Baba Ƙarami, bayan Juma'a. Na gaya masa kuɗin bulo suna hannuna, kuma zan turo ranar da aka sa hannun.