Taron dangi a kan rai ɗaya: wa ya ga wa?

Duk sanda gungun mutane suka yi wa wani taron dangi suka kashe shi, magana ɗaya ce ke cika Facebook: a kama su duka, a rataye su duka. Haka aka yi ta faɗa a ƙarshen Maris na 2025, da aka tare mafarauta a Uromi ta Jihar Edo suna hanyar Kano daga Fatakwal don yin ƙaramar Sallah a gida, aka kashe 16 daga cikinsu, aka cinna musu wuta. 'Yan sanda suka ce sun kama mutum 14. Ni ma ina cikin masu son duk wanda ya sa hannu ya ɗanɗana kuɗarsa. Amma jama'a, wa zai tsaya gaban alƙali ya nuna su ɗaya bayan ɗaya, kuma yaya za a yi a san idonsa bai yaudare shi ba?

Ta fuskar doka dai babu giɓi. Sashe na 79 na Final Kod, wato kundin dokokin hukunta laifuka na Arewa, ya ce idan mutane da yawa suka aikata laifi bisa niyya ɗaya, kowannensu zai ɗauki laifin kamar shi kaɗai ya yi. Kudu ma suna da makamancinsa. Wato ba sai an gano sandan wa ya fasa kai ba. Wanda ya danne ƙafa, wanda ya mirgino taya, wanda ya zuƙo fetur daga tankin babur ɗinsa, wanda ya tare hanyar gudu, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. A Musulunci kuwa maganar ta daɗe da yankewa. Sayyadina Umar ya kashe mutum biyar ko bakwai saboda mutum ɗaya da suka yi wa kisan gilla, ya ce da mutanen San'a'a duka sun haɗa baki a kan kisan, da ya kashe su gaba ɗaya. Yana nan cikin Muwaɗɗa, kuma a kansa Malikiyya suke.

To nauyin wannan hukunci shi ne abin da ke ba ni tsoro. Tunda tsayuwa cikin masu niyyar kisa kaɗai na iya kai mutum ga igiya, duk shari'ar ta koma kan baki ɗaya da zai ce “na gan shi a wurin, yana ciki.” A taron ɗaruruwan mutane kuwa akwai mai duka, akwai ɗan kallo, akwai mai ɗaukar bidiyo da waya, akwai mai shagon da rikici ya same shi a ƙofar shagonsa, akwai ma dattijon da ya kutsa yana cewa ku bari, ku kai su ofishin 'yan sanda. Daga nesa, cikin ƙura da hayaƙin taya, hannun mai ceto da hannun mai duka duk a sama suke.

Kar a ɗauka ina cewa shaidu maƙaryata ne. Mafi haɗari shi ne mai gaskiya da ya yi kuskure, domin zai rantse da zuciya ɗaya, har da hawaye, alƙali kuma mutum ne. A Amurka, ƙungiyar Innocence Project ta bi shari'o'in mutanen da gwajin DNA ya wanke bayan an ɗaure su, ta tarar kusan kashi 70 cikin 100 akwai kuskuren shaidar gani da ido a ciki. Masu binciken halayyar ɗan Adam sun nuna cewa idan makami ya fito, idon mutum kan makamin yake kafewa, fuskar mai riƙe da shi ba ta zauna sosai. Sun kuma nuna mutum ya fi rikita fuskokin waɗanda launin fatarsu ko asalinsu ya bambanta da nasa. Ka ɗauki wanda ya tsira da ƙyar a garin da bai taɓa kwana ba, bai san kowa ba, yana gudun ceton rai, ka ce bayan makonni ya tantance fuskoki. Allah ya sani zai yi iya ƙoƙarinsa, amma aikin da aka ɗora masa ba ƙarami ba ne.

Shi ya sa tun 1976 kotun Ingila, a shari'ar Turnbull, ta shimfiɗa tambayoyin da kotunanmu ma suke bi: tsawon wane lokaci shaidan ya kalli mutumin, daga wace tazara, da wane irin haske, ya san shi a da ko ranar ya fara ganinsa, kuma kamannin da ya fara faɗa wa 'yan sanda sun dace da wanda ke cikin akwatin kotu? Ƙa'ida kuma ita ce a jera wanda ake zargi cikin mutane masu kama da shi a tsawo da shekaru da sutura, a bar shaida ya zaɓo da kansa. Amma kowa ya san yadda abin kan kasance. A fito da mutum ɗaya da ankwa, ba riga, ido a kumbure, a zaunar da shi a ƙasa bayan kanta, a ce wa shaida, “Malam, wannan ne ko?” Me kake so ya ce? Daga ranar kuma wannan fuskar ce za ta zauna masa a kai, ta goge wadda ya gani da gaske.

A duba abin da ya faru a Aluu, kusa da Jami'ar Fatakwal. A Oktoban 2012 aka yi wa ɗalibai huɗu ihun ɓarayi, aka tuɓe su, aka yi ta dukansu, aka ƙone su, duniya ta ga bidiyon. Mutum 12 aka gurfanar. Sai a Yulin 2017 Babbar Kotun Jihar Ribas ta yanke wa 3 hukuncin kisa, har da wani sajan ɗan sanda, sauran kuwa an sallame su. Taron da ya cika hanya, ga bidiyo, ga kusan shekara biyar ana shari'a, mutum uku. Wasu sun zagi kotu. Ni masu bincike na fi ganin laifinsu, domin alƙali ba ya yanke hukunci da abin da ba a kawo gabansa ba. Kame na kan mai uwa da wabi yana kwantar da hankalin jama'a na mako guda, ya ba masu laifin gaske damar tsallake gari, sannan shari'ar ta zo ta ruguje a hannun lauya mai kaifi.

Malamanmu na fiƙihu ma ba su yi sakaci a nan ba, kuma wannan ɓangaren ne masu kawo maganar Sayyadina Umar ke yawan tsallakewa. A Risala, jama'a ana kashe su saboda mutum ɗaya, haka ne. Amma idan babu cikakkiyar shaida ko iƙirari, sai alama mai ƙarfi da rantsuwa hamsin ta magadan mamaci, wato ƙasama, mutum ɗaya tak ake kashewa, ko da waɗanda ake zargi sun kai goma. Da hujja ta yi rauni, sai aka taƙaita jinin da za a zubar da ita.

Kar kuma mu manta da abin da ya kashe yaran Aluu da mafarautan Uromi tun farko. Wani ne ya nuna su da yatsa ya ce ga su nan, su ne, sauran suka gaskata shi ba tare da tambaya ba. Ba zan so hukuma ta yi aiki da irin wannan yatsan ba, ko da a kan waɗanda na tsana ne.

Abin da ya kamata gwamnoninmu da lauyoyinmu su matsa a kai a fili yake: a karɓi wayoyin da suka ɗauki bidiyo tun kafin a goge, a rubuta bayanin kowane shaida shi kaɗai a ranar farko kafin su zauna su haɗa labari, a jera mutane yadda ƙa'ida ta ce, sannan a ba 'yan garin da suka san masu laifin da sunansu da gidajensu kariyar da za ta sa su iya buɗe baki a kotu.