Shekara uku ke nan rabona da kwalba

Kwanan nan na cika shekara uku rabona da giya. Na daɗe ina shawara da zuciyata ko in rubuta ko in yi shiru, domin na san akwai dangina na Tawa da za su karanta su ce na tona mana asiri. Ku yi haƙuri. Rufin asirin nan na shekara 11 shi ya kusa kai ni kushewa, kuma na san ba ni kaɗai ba ne a Yamai.

A garin nan babu wanda bai san giya haramun ce ba. Malamai sun faɗa, kuma gaskiya suka faɗa. Abin da ban taɓa jin an koya mana ba shi ne yadda ake barinta. Mutum ya ji wa'azi ranar Juma'a, jikinsa ya yi sanyi, ya rantse ya daina. Kafin Lahadi hannu na kyarma, barci ya ƙi zuwa, ya lallaɓa ya koma maki, wato gidan giya. Sai a ce ai dama ba shi da imani. Wallahi wasunsu sun fi masu zaginsu kuka a gaban Allah.

Ni a azumi na fara gwadawa, ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba. Rana ta biyu ko kofin ruwan buɗa-baki na kasa riƙewa. Gumi, amai, zuciya na dukan uku-uku. Dare na uku na fara ganin ƙwari suna bin bango suna hawa kafaɗata. Inna ta ce iskoki ne, aka kawo rubutu, aka turara ɗaki. Matata ce ta dage aka sa ni a taksi zuwa asibiti. Lokotoron ya duba idona, ya kama hannuna, ya rage murya ya ce: "Malam, yaushe rabonka da sha?" Matata na tsaye. Na ce kwana uku. Bai yi mini wa'azi ba, bai ɓata fuska ba, ya ce a ba ni gado.

Daga baya ya yi mini bayanin da nake so kowane gida ya ji. Giya danne ƙwaƙwalwa take yi, ita kuma ƙwaƙwalwa sai ta ƙara wuta don ta jure. In aka shekara da shekaru a haka, aka janye giyar rana ɗaya, wutar nan ba ta da mai tare ta. Kyarma kan fara tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe. Cikin kwana biyun farko mutum na iya faɗuwa kamar mai farfaɗiya. Daga kwana biyu zuwa huɗu ake samun ruɗewar da na shiga, kuma tana kisa in ba a kula ba. Ƙarin ruwa aka yi mini, da maganin kwantar da jijiyoyi, da allurar bitamin B1. Don haka ina roƙon ku, in ɗan'uwanku mai shan kullum ne, kada ku kulle shi a ɗaki ku ce ya tuba a can. Ku kai shi asibiti. Addu'a ba ta hana hakan.

Abin da ya fara dawo mini shi ne barci. Dā ina tsammanin giya ce ke sa ni barci, ashe bugar da ni kawai take yi, ƙarfe uku na dare in farka ido ƙyam, kai na sarawa. Makonnin farko na sha wuya, ba zan ɓoye ba. Amma ranar da na kwanta bayan isha ban motsa ba sai kiran assalatu, na zauna bakin katifa na yi ta hawaye.

Tansiyo ta sauko daga 16 zuwa 13 cikin 'yan watanni. Hoton ciki ya nuna kitse ya lulluɓe hantata, aka ce wannan matakin yana warwarewa in an daina, kuma ya warware. Wanda ba ya komawa shi ne in hanta ta riga ta ƙandare. A nan ne abin ya fi ba ni tsoro, domin ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a yankinmu, da yawa suna ɗauke da shi tun yarinta ba su sani ba, su kuma zuba masa giya a kai. Abokin shana guda haka ya tafi, ciki a kumbure, ido ya yi ɗorawa kamar an shafa gangamau, gida suna cewa sammu ne. Da na ga rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019, miliyan 2 daga ciki maza, fuskarsa ce ta faɗo mini. Kuma tun 1988 hukumar binciken ciwon kansa ta duniya ta sa giya cikin rukunin farko na abubuwan da ke haddasa kansa, rukuni ɗaya da taba. Masu cewa "ni biya kawai nake sha, ba na taɓa mai zafi", lissafin ya haɗa da ku.

Ga kuma yaudarar zafi. Yamai a Afrilu, rana ta haura digiri 40, kuran ya ɗauke, kwalba mai raɓa kamar rahama. Ƙarya ce. Fitsari take sa ka, ta tatse ɗan ruwan da ya rage a jikinka.

Kuɗi kuwa ba sai na ja zance ba. Jaka uku duk dare, jaka 90 a wata, alhali ana koro 'yata daga lakkol kan kuɗin da bai kai rabin haka ba.

Amma asibiti kwana biyar ne kawai. Yaƙin gaske tsakanin magariba da sha ɗayan dare yake, lokacin da ƙafa ta saba da hanya ɗaya. Tsofaffin abokai na kira: "Ustaz, yau ma ba ka fitowa?" Wanda ya cece ni wani tela ne maƙwabcinmu, dattijo, muna ce masa Kawu. Ya san komai, ba a rasa mai kai labari a kartiye. Ya aiko yaro ya ce in zo fada a sha shayi. Ya tura mini kujera, ya miƙo mini mafici ya ce: "Ɗana, hura mana gawayin nan." Shi ke nan. Daga na farko mai ɗaci har na uku mai zaƙi, ana belot, ana gardamar ƙwallo, babu wanda ya ce mini uffan kan abin da ya wuce. Ran da ban zo ba sai ya aiko. A wata na biyar na zame, ranar albashi, na sha har na kwana a waje. Washegari kunya ta hana ni fita. Kawu da kansa ya zo ƙofar gida ya ce: "Tashi ka yi wanka, shayi na jira." Daga ranar nake ƙirga shekaruna uku.

Mu da muke tutiya da addini, mu tuna cewa haramcin giya daki-daki ya sauka: aya ta 219 a Baƙara, sai ta 43 a Nisa'i, sannan ta 90 a Ma'ida ta yanke hukunci. Kuma ya zo a Bukhari cewa an yi wani sahabi da ake yawan kawowa kan shan giya, wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Mu kuwa da zarar mun ji wari sai mu janye tabarma, mu hana shi limancin ko 'ya'yansa, sannan mu yi mamakin me ya sa maki ce kawai wurin da ake masa maraba.

Gargaɗi ɗaya ga matasa: na ga waɗanda suka bar kwalba suka kama tramol, suna cewa ai ita ba ta wari. Rami ɗaya ne, baki biyu.

Kawu ya tsufa yanzu, gwiwa ba ta barinsa zama har dare, butar shayin tana hannuna. Makon jiya wani yaro mai kabu-kabu ya tsaya nesa da fadarmu, ya yi sallama bai matso ba, hannunsa na rawa a kan kan babur. Na gane. Na ce masa gobe da safe zan raka shi asibiti, yanzu dai ya zo ya hura mana gawayi.