Kwana 26 da NFF ta yi tana jan ƙafa kafin ta sallami Rohr

Da zarar gasa ta ƙarato aka fara kiran a kori koci, misalai biyu ake jefa wa juna. Masu son a kora su ce ai Kwaddibuwa ta sallami nata a tsakiyar gasar kofin Afirka a 2024 kuma ta ɗauki kofi. Masu cewa a bari su ce ai Sifaniya ta kori Lopetegui ana jajibirin kofin duniya na 2018, Rasha ta yi waje da ita a zagayen 'yan 16. A ganina duka ɓangarorin suna tsallake abin da ya fi komai nauyi, wato ranar da aka yi korar da kuma aikin da ya tsaya cak kafin a yi ta. Labarin Gernot Rohr, tsohon kocin Super Eagles ta Najeriya, ya nuna wannan ƙarara.

Ranar 16 ga Nuwamba 2021 Najeriya ta yi kunnen doki 1-1 da Cape Verde a filin Teslim Balogun da ke Legas. Makin ya isa a tsallaka zuwa zagayen ƙarshe na neman gurbin kofin duniya na Qatar, amma duk mai bin ƙwallo ya san ruwan Rohr ya ƙare. Wata ɗaya kafin nan Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta zo wannan filin ta ci mu ɗaya mai ban haushi, kuma mutane ba su manta da Saliyo ba, wadda muka zura wa huɗu a Binin a 2020 ta farke duka huɗun. Daga daren wasan Cape Verde jaridu da gidajen rediyo suka sa shi gaba. Yau a ce ya ajiye aiki, gobe a ce an ba shi zaɓi, jibi a ce yana nan daram. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, a ƙarƙashin Amaju Pinnick ba ta buɗe baki ta sanar da sallamarsa ba sai 12 ga Disamba. Kwana 26 ke nan. Daga ranar zuwa wasan farko na kofin Afirka da Masar a Garwa ta Kamaru, 11 ga Janairu 2022, saura kwana 30.

Ni ban ga laifin raba gari da Rohr ba. Mutumin ya riƙe tawagar tun Agustan 2016, ya kai mu Rasha, ya zo na uku a Masar a 2019, amma wasansa ya riga ya yi sanyi. Matsalar ita ce hukuma ta ji tsoron abu biyu lokaci guda: bakin 'yan jarida idan ta bar shi, da kuɗin sallama idan ta kore shi alhali kwantaraginsa da saura. Sai ta tsaya a tsakiya. A ƙarshe ba ta tsira daga ko ɗaya ba, don FIFA ta umarce ta ta biya shi kusan dala dubu 380.

Wanda bai san cikin aikin ba zai ce ai a waɗannan makonni 'yan wasa suna ƙungiyoyinsu, me aka rasa? An rasa aikin ofis, kuma shi ne ƙashin bayan shirin gasa. A wannan lokacin ake fitar da jerin sunaye na farko mai faɗi. A lokacin ake tura wa ƙungiyoyi takardar gayyata, kuma dokar FIFA ta ce takardar ta isa aƙalla kwana 15 kafin ranar da za a saki ɗan wasa. Wanda ba a tura tasa a kan lokaci ba, ƙungiyarsa na da damar ta riƙe shi. A lokacin ne koci yake kiran likitocin ƙungiyoyi ya ji wa ke fama da gwiwa, wa ke fama da cinya, a ƙulla wasannin sada zumunta, a raba wa mataimaka bidiyon abokan karawa. Kocin da ya san ana shirin korarsa ba zai zage a kan wannan ba, wanda zai gaje shi kuma ba shi da hurumi tukuna.

Sakamakon ya fito fili. Emmanuel Dennis yana kan ganiyarsa a Watford a lokacin, amma ƙungiyar ta ƙi sakinsa bisa hujjar cewa gayyatar ta makara. Al-Shabab ta Saudiyya ta riƙe Odion Ighalo. Osimhen kuma rauni a fuska da korona suka hana shi, wannan ba laifin kowa ba ne. Sai ga Augustine Eguavoen, kocin riƙon ƙwarya, ya tafi gasa babu uku daga cikin 'yan gaban da ake sa rai da su.

Ga kuma lissafin atisaye. An amince ƙungiyoyin Turai su riƙe 'yan wasansu har 3 ga Janairu. Daga nan zuwa wasan Masar kwana takwas ne. Cire ranar tafiya, cire ranar da za a bar waɗanda suka buga a ƙarshen mako su warware gajiya, cire jajibirin wasa da ba a yin atisaye mai nauyi. Abin da ya rage bai fi a koyar da salo ɗaya ba. Eguavoen ya zaɓi 4-4-2: Ndidi da Aribo a tsakiya, Moses Simon da Chukwueze a gefe, Iheanacho da Awoniyi a gaba. Umarnin mai sauƙi ne, a kai ƙwallo gefe da wuri a bar masu gudu su yi aikinsu.

Kuma ya yi aiki, a farko. An ci Masar 1-0, Sudan 3-1, Guinea-Bissau 2-0. Najeriya kaɗai ta haɗa maki tara a matakin rukuni. Filin Roumdé Adjia ya zama tamkar gida, don Garwa ba ta da nisa da Yola, jama'a sun tsallaka iyaka sun cika shi. Bakunan da suka yi wata guda suna cewa tawagar ta mutu, su ne suka dawo suna cewa kofi namu ne, a tabbatar wa Eguavoen kujera, alhali tun 29 ga Disamba NFF ta riga ta ambaci José Peseiro a matsayin wanda zai karɓa. Yabon nan ya fi zagin baya illa, saboda ya hana kowa tambayar me za a yi idan aka toshe gefe.

Tunisiya ta amsa tambayar ranar 23 ga Janairu, ta yi waje da mu a zagayen 'yan 16. Tawaga ce da ta fito da ƙyar da maki uku, Mali da Gambiya sun doke ta, korona ta kwantar da 'yan wasanta har da kocinta Mondher Kebaier, mataimakinsa Jalel Kadri ne ya tsaya a bakin layi. Abin da suka yi bai da wuyar gani: duk sanda ƙwallo ta je wurin Simon, mutum biyu ne a kansa, wani lokaci uku. Tsakiya kuma suna da mutum uku a kan biyunmu. Ana dawowa hutun rabin lokaci Youssef Msakni ya ɗaɗa daga nesa, ƙwallon ta kuɓuce wa mai tsaron raga Maduka Okoye. Iwobi ya shigo, bai jima ba aka ba shi jan kati. Babu salo na biyu, domin babu ranar da za a koyar da shi.

Daga nan matsin ya bar kan koci ya koma kan yaro ɗaya. An yi wa Okoye ca a shafukan sada zumunta har da barazanar kisa, irin abin da aka yi wa Sani Kaita bayan jan katinsa da Girka a 2010. Da watan Maris ya zo, lokacin karawa da Ghana a zagayen ƙarshe na neman gurbin Qatar, Okoye ba ya cikin raga, Ndidi na jinya, Iwobi na zaman hukunci. An tashi canjaras a Kumasi, a Abuja kuma ranar 29 ga Maris bugun Thomas Partey ya wuce ta ƙarƙashin Francis Uzoho. Fenaritin Troost-Ekong ya mayar da wasan 1-1, amma Ghana ta wuce da ƙwallon waje. 'Yan kallo suka afka filin Moshood Abiola suka yi ɓarna. Don adalci, ita ma Ghana sabon koci gare ta, Otto Addo, bayan ta sallami Rajevac. Bambancin shi ne ta yi sallamar tun a Janairu, kwanaki kaɗan bayan Comoros ta kunyata ta, don haka Addo ya samu makonni yana shirin wasa biyu kacal.

Wanda ke son ganin yadda ake korar koci kafin gasa ya dubi Maroko. Ta sallami Vahid Halilhodžić ranar 11 ga Agusta 2022, ta naɗa Walid Regragui a ƙarshen watan, wasan farko na kofin duniya da Kuroshiya kuma sai 23 ga Nuwamba. Ciwon sananne ne, rikicin kocin da Hakim Ziyech, kuma sabon ya warkar da shi nan take. Ya samu wasannin sada zumunta da Chile da Paraguay a Satumba, bai taɓa ginshiƙan bayan ba, Bono da Saïss da Hakimi da Amrabat. Ƙwallo ɗaya tak ta shiga ragarsu kafin wasan kusa da na ƙarshe, ita ma ɗan gida ne ya ci kansu.

Kwaddibuwa kuwa, a daina kafa hujja da ita. Bayan Equatorial Guinea ta zura mata huɗu aka kori kocinta Gasset, sai da Maroko ta doke Zambiya kafin ta samu gurbi. Emerse Faé mataimakin Gasset ne, ya san ɗakin da mutanen cikinsa, kuma Haller da Adingra sun warke a daidai lokacin. Duk da haka sai a minti na 86 suka farke wa Senegal, sai a minti na 90 suka farke wa Mali alhali su goma ne a fili. Babu hukumar da za ta iya tsara wannan a takarda.

Mu kuwa mun sha yi. Marigayi Amodu Shuaibu ya samo gurbin kofin duniya na 2002 da na 2010, duk biyun ya zo na uku a kofin Afirka, duk biyun surutu ya yi yawa aka janye shi ana saura 'yan watanni. Onigbinde ya tafi Japan da Koriya ya dawo da maki ɗaya. Lagerbäck ya tafi Afirka ta Kudu, shi ma maki ɗaya.